GANI YA KORI JI: Giwar Yankari, Ungulun Mahauta Da Kukan 'Ya'yanmu Mata

Daga Miri, Bauci

 

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wata sana'a wadda har yanzu ba ta sami tsayayyen suna a bakin Bahaushe ba, ko da yake kayan aikinta suna cikin aljihun kusan kowane saurayi da budurwa a ƙasar nan. Sana'ar ita ce ta waɗansu masu zane-zane da suka ajiye alƙalami da fenti suka ɗauki na'urar ɗaukar hoto mai motsi, suna yin abin da za mu kira zanen bidiyo, kafin masana harshe su samo mana sunan da ya fi. Dalilin da ya sa na ɗauko zancen kuwa shi ne, daga cikin abubuwan da masu wannan sana'a suke yawan komawa kansu akwai cin zalin mata da ƙarewar namun daji. Duka biyun nan suna kwance a ƙofar gidanmu a Jihar Bauci, mun kuwa saba da su har mun daina ganinsu.

Mai karatu zai tambaya, to, mene ne bambancin wannan abu da finafinan Kano da muke kallo tun daga Turmin Danya na 1990? Bambancin yana da yawa. Fim ɗin Kano labari ne. Akwai yaro da yarinya, akwai mugun kawu ko kishiya, a yi rigima, a yi waƙa, a ƙarshe gaskiya ta yi halinta, kowa ya tashi ya kama gabansa. Mai zanen bidiyo shi ba ruwansa da wannan tsari. Yana iya kafa na'urarsa a bakin rijiya ya bar ta tana ɗaukar igiyar guga tana shiga tana fita har minti goma, ba magana ba kiɗa. Yana iya raba hotonsa gida uku ya haska a bango uku na ɗaki ɗaya, kowane bango da abin da yake nunawa, ya bar mai kallo ya haɗa su da kansa. A zauren nunin zane-zane ake haska irin wannan aiki, in hoton ya kai ƙarshe ya koma farko, mutum ya shigo sa'ad da ya ga dama ya fita sa'ad da ya ga dama. Abin da kawai ake nema a wurin mai kallo shi ne ya tsaya ya dubi abu guda har ya gan shi.

Ana danganta asalin sana'ar da wani mutumin Koriya mai suna Nam June Paik, wanda a 1963 ya jera akwatunan talabijin a wani gida a garin Wuppertal na ƙasar Jamus yana murɗa hotunansu yadda ya so, sa'an nan a wajen 1965 ya sami ɗaya daga cikin ƙananan na'urorin bidiyo na farko da kamfanin Sony ya fitar. A nan Nijeriya kuwa, marigayiya Bisi Silva ta buɗe cibiyar zane-zanen zamani a unguwar Yaba cikin birnin Ikko a 2007. A 2009 cibiyar ta shirya nuni na musamman a kan zanen bidiyo, a shekarar nan kuma Jude Anogwih da Emeka Ogboh da Oyinda Fakeye suka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a can Ikko.

Kada kuma a ɗauka abin baƙo ne ƙwarai a wurinmu. Yamma da birnin Bauci, a ƙasar Toro, akwai Dutsen Zane na Geji, inda mutanen da suka riga mu suka zana shanu da namun daji da mutane a jikin dutse, don wanda zai zo daga baya ya san abin da idonsu ya gani. Kakanninmu sun zauna a ƙofar fada suna kallon majigi a jikin farin ƙyalle. Yau kuwa, ko a nan Miri, bakin hanyar Jos, ka shiga gidan kallon ƙwallo ran Asabar ka ga akwatunan talabijin biyu ko uku a jere, kowanne da wasan da yake nunawa, samari kuwa suna bin su duka a lokaci guda ba wanda ya ruɗe. Ashe ke nan idon da zai karanta allo uku muna da shi tuni. Abin da za a sa a allon ne ya rage.

ABIN DA WAƊANSU SUKA YI

Bari mu duba ayyuka kaɗan don zancen ya fito fili. A 2015, a babban taron nunin zane-zane na birnin Benis a ƙasar Italiya, wanda a shekarar nan ɗan Nijeriya marigayi Okwui Enwezor ya shugabanta, John Akomfrah, haifaffen Akara ta ƙasar Gana, ya nuna wani aiki na minti 48 a kan allo uku mai suna Vertigo Sea, watau tekun hajijiya. Shi da kansa ya faɗi cewa abin da ya tunzura shi hira ce da ya ji a rediyo da waɗansu samarin Nijeriya da suka tsira da ƙyar wajen ƙetare Bahar Rum. A cikin aikin za ka ga maharba suna sukar manyan dabbobin nan na teku da Turawa ke kira wel, waɗanda aka kusa ƙarar da su saboda man jikinsu. A allon da ke kusa za ka ga an tuna da bayi fiye da 130 da aka jefa cikin teku daga jirgin Zong a 1781, domin masu jirgin su karɓi kuɗin inshora. A wani allon kuma ga 'yan ci-rani na zamaninmu ruwa yana cin su. Ba wanda ya fito ya ce maka ga dangantakar wannan da wancan. Kai da kanka za ka lura cewa lissafi ɗaya ne aka yi a kan dabbar da kuma a kan bawan, watau nawa za a samu.

Na biyu ita ce Zina Saro-Wiwa, 'yar marubucin nan Ken Saro-Wiwa wanda gwamnatin soja ta rataye tare da mutum takwas a Fatakwal ran 10 ga watan Nuwamba, 1995. A 2015 ta yi wani aiki a kan allo biyar mai suna Karikpo Pipeline. Karikpo wasan dodanni ne na mutanen Ogoni, inda samari ke sa fuskar itace mai ƙaho suna kwaikwayon tsalle-tsallen barewa. Sai ta ɗauke su suna wannan tsalle a kan tsofaffin bututun mai da bakunan rijiyoyin mai da suka yi tsatsa a cikin gonaki. Wannan ƙasa ce wadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce share ɓarnar mai a cikinta zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Wanda ya kalli barewar itace tana tsalle a kan ƙarfe ba ya bukatar a karanta masa rahoton kafin ya gane abin da aka yi wa ƙasar da mutanenta.

Ta uku Wura-Natasha Ogunji ce. A 2013 ita da waɗansu mata suka ɗaura jarkokin ruwa a idon sawunsu suka bi titunan Yaba suna jan su a ƙasa cikin rana, aka kuma ɗauki bidiyon tafiyar. Sunan aikin tambaya ce, ma'anarta ita ce, shin ko bayan na mutu ma ni zan ci gaba da ɗaukar ruwa? Duk wanda ya san safiyar unguwannin bayan gari, a Miri ne ko a Kano ko a Maraɗi, ya san wanda ke tsaye a layin famfo sa'ad da ake buga ƙararrawar makaranta.

Amma wadda aikinta ya fi kusa da mu ita ce Rahima Gambo, 'yar Nijeriya da aka haifa a Landan a 1986, ta kuma karanta aikin jarida a Jami'ar Columbia ta birnin Niyok. A matsayin 'yar jarida mai ɗaukar hoto ta fara zuwa Maiduguri, inda daga 2015 ta yi aiki a kan ɗaliban makarantun da 'yan Boko Haram suka kai wa hari. Cikinsu har da Sakandaren Shehu Sanda Kyarimi, wadda aka kai wa farmaki a 2013. Kowa ya san irin hoton da jaridun duniya ke nema a irin wannan wuri: bango mai hujin harsashi, da yarinya ta sunkuyar da kai, a rubuta a ƙasa cewa ga wadda bala'i ya auka wa. Rahima Gambo ta sha bayyana cewa wannan hanya ba ta gamsar da ita ba. Saboda haka daga 2017 ta koma wurin 'yan matan makarantar nan da wani aiki na hotuna da bidiyo da ta sa wa suna da Hausa, Tatsuniya. A ciki 'yan matan suna sanye da kayan makarantarsu suna wasannin da yara mata ke yi a fili, su da ita suke shawarar abin da za a ɗauka. Ba a tambaye su su sake ba da labarin ranar harin ba. Mai kallo ya san abin da ya faru a wurin, saboda haka wasan nasu yake taɓa shi fiye da yadda hoton jini zai yi.

A 2018 ta ƙara da wani aiki mai suna A Walk, watau tattaki, wanda ya samo asali daga binciken da ta yi a kan 'yan matan da ake ɗaura wa bam. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da sanarwa cewa daga Janairu zuwa Agustan 2017 kaɗai an ɗaura wa yara 83 bam a arewa maso gabashin Nijeriya, 55 daga cikinsu mata ne. Yaya za a ɗauki hoton yarinyar da ba abin da ya rage nata? Sai Rahima ta riƙa tafiya a ƙasa a titunan Maiduguri da Abuja da Ikko, tana tsintar ganye da itace da tarkace, tana yayyaga hotunan da ta ɗauka tana sake haɗa su, tana ɗaukar bidiyon hanya. An nuna ayyukanta a Ikko da Bamako da ƙasashen Turai. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, mu da abin ya faru a maƙwabtanmu, mutum nawa cikinmu suka taɓa jin sunan aikin, balle su gan shi?

SHIN AN HAƊA MACE DA DABBA KE NAN?

Na san akwai mai cewa, haba malam, ai haɗa zancen 'ya'yanmu mata da zancen giwa da ungulu cin mutunci ne. Wannan magana tana da nauyi, ya kuwa kamata a amsa ta. Allah Ya girmama ɗan Adam a kan sauran halitta, ba mai ja da wannan. Abin da masu zanen nan suke kwatantawa shi ne hannun da ya yi ɓarnar, da kuma idon da ya gani ya kau da kai. Maharbin da ya dubi giwa ya ga haure kawai, da mutumin da ya dubi yarinya mai talla ya ga abin biyan bukatarsa kawai, ciwo ɗaya ke damunsu: sun dubi mai rai sun ga kaya.

Wannan fahimta kuwa ba daga Turai aka kawo mana ita ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya ba Malam Yakubu tutar da aka kafa masarautar Bauci da ita, a littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, ya kuma kwatanta irin riƙon da ake yi wa mata da riƙon kayan aikin gida. Haka nan kowane ɗan makarantar Islamiyya ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Addinin da ya yi wasiyya da kyautata wa mata shi ne ya hana zaluntar kyanwa. Ashe tun can ba a raba su ba.

ABIN DA KE ƘOFAR GIDANMU

To, mu dawo gida. Dajin Yankari, a ƙasar Alkaleri, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a ran 1 ga watan Disamba, 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ta mayar wa Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami giwaye kusan 350 a ciki. Ƙiyasin da masu kula da namun daji suka yi a shekarun bayan nan tsakanin 100 ne da 150, duk da haka garken yana cikin mafiya girma da suka rage a Nijeriya baki ɗaya. Zaki kuwa, manyan dawa, binciken da aka buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda suka rage a duk Afirka ta Yamma kamar 400 ne, na Nijeriya ba su kai 50 ba, su ma a Yankari da dajin Kainji kaɗai. Raƙumin dawa da ake gani a gandun Sumu, a ƙasar Ganjuwa, daga Namibiya aka kawo shi a 2006, domin namu na asali ya riga ya ƙare. A watan Janairun 2024 hukuma ta niƙe tan biyu da rabi na hauren giwa da aka kama, a Abuja. Kowane haure biyu a cikin tsibin nan giwa guda ce da ta faɗi a wani daji na Afirka.

Abin ba ya rasa magani in an so. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniya da Gwamnatin Jihar Bauci a 2014 don taimaka wa masu gadin Yankari, ta kuma ba da rahoton cewa an yi shekaru bayan 2015 ba a tsinci gawar giwar da aka kashe don haure ba. A Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa na yankin Kure sun ragu har zuwa 49 a 1996, da aka tsare su sai ga su sun haura 600.

Sai dai adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Manomin da ke bakin dajin Yankari, wanda garken giwa ya shiga gonarsa da dare ya tattake masarar da zai ciyar da iyalinsa shekara guda, ba zai ji daɗin wa'azin mutumin birni a kan kyan giwa ba. Shi ma an zalunce shi in ba a biya shi diyya ba. Labarin rediyo na minti ɗaya dole ya zaɓi gefe ɗaya. Allo biyu kuwa suna iya ɗaukar giwar da manomin tare, mai kallo ya zauna tsakaninsu ya ji nauyin kowanne.

Ba sai ma an je daji ba. Wanda ya kai shekara arba'in ya tuna lokacin da ba a yanka a mahauta sai ungulaye sun yi layi a kan katanga, har ta shiga karin maganarmu, muna cewa ungulu ba ki jewar banza. Yau a garuruwanmu da yawa sai a yi wata da watanni ba a ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe tana kashe su, ana kuma farautarsu ana sayar da kansu da ƙafafunsu ga masu tsubbu. A Indiya, inda wani maganin shanu ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulayensu daga shekarun 1990, mushe ya taru, karnukan banza suka yawaita, wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane wajen 500,000 cikin shekara biyar. Mu nan ba wanda zai iya faɗin ranar da ya ga ungulu ta ƙarshe. Ta tafi ba mu lura ba.

Haka nan yarinyar da ta daina zuwa makaranta take tafiya. Doka kam akwai ta. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane a 2015, Jihar Bauci ta kafa tata a 2020, a watan Yunin shekarar nan kuma gwamnonin ƙasar nan suka yi shelar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Kafin nan, a 2019, 'yan matan Arewa sun fito a Twitter suna faɗin abin da aka yi musu, aka yi musu ca, waɗansu ma suka ce su ne suka zubar wa Arewa mutunci. Amma kowa ya san yadda irin wannan magana take ƙarewa a unguwanninmu. A taru a zaure, a ce a rufa asiri, a ba uban yarinya haƙuri da ɗan abin da ya samu, a tura ta ƙauye wurin gwaggonta ko a yi sauri a aurar da ita. Wanda ya yi abin kuwa yana nan a majalisarsa ana gaishe shi. Alƙali ba ya hukunta abin da ba a kawo gabansa ba. Jama'ar da ta saba da kau da kai, ko dokoki goma aka kafa mata, a takarda za su tsaya.

A nan ne nake ganin amfanin wannan sana'a. Gaskiya ne bidiyo ba ya kama maharbi, ba ya ɗaure mai fyaɗe. Wannan aikin masu gadin daji ne da 'yan sanda da kotu. Amma kafin a kai ƙara sai an yarda cewa an yi laifi, kafin a yarda kuwa sai an tsaya an duba. Alal misali, a ce wani ɗalibi ya haska allo biyu a gaban mutanen unguwarsu. A ɗaya katangar mahauta ce da safe, ana yanka, ba ko tsuntsu ɗaya a kai. A ɗayan benci ne a ajin 'yan mata, malama tana kiran suna, wuri guda ba kowa. Minti biyar, ba wanda aka ambata, ba wanda aka tona wa asiri. Ina tabbatar muku za a tashi daga wurin ana magana, maganar da shekara da shekaru ake haɗiyewa.

WAYA A HANNUN KOWA

Wani zai ce wannan wasan masu ƙoshi ne, talaka ina ya ga lokacinsa? Sai in ce ai talaka ya riga ya fara ɗaukar bidiyo, sai dai irin wanda yake ɗauka ne abin tsoro. In aka kama yarinya a wani hali, kafin a nemo mata mayafi an ɗaga wayoyi goma a kanta, kafin magariba hotonta ya zaga WhatsApp da TikTok, ya kuma zauna a can har ta tsufa. In aka kashe wata dabbar daji da ta ɓato cikin gari, sai a hau kanta ana ɗaukar hoto ana murna. Na'urar da Rahima Gambo ta mayar wa 'yan mata darajarsu da ita, ita ce muke ƙara tozarta su da ita. Saboda haka duk saurayi ko budurwar da ke son shiga wannan aiki ya riƙe ƙa'idodi. Kada a nuna fuskar wadda aka zalunta, ko gidansu, ko abin da za a gane ta da shi. Kada a ɗauki kowa sai da yardarsa, yaro kuma sai da yardar iyayensa. Kada a sa mutum ya sake ba da labarin baƙin cikinsa don kawai a sami hawaye a hoto. In dabba ce, kada a nuna wurin da take kwana, domin maharbi ma yana da waya.

Sauran aiki yana wuyan hukumomi da makarantu. Hanyar da ta ratsa Miri ita ce ke zuwa Jos, inda Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, take da hedkwata da makarantar koyar da aikin fim. A cikin Bauci ga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke koyar da aikin jarida. Me zai hana su haɗa kai su gayyato masu irin waɗannan ayyuka su nuna su a nan, a fassara bayaninsu da Hausa, sa'an nan a ba ɗalibai aikin yin nasu? Gidan talabijin na jiha zai iya ware minti goma a mako don gajerun ayyukan matasa. Masu gidajen kallo suna da allo da janareto da benci, akwai kuma ranakun da ba ƙwallo. Hukumar da ke kula da Yankari ta riƙa kai 'yan makarantun gwamnati dajin, domin abin kunya ne a ce baƙo ya taso daga Turai ya ga giwar Bauci, yaron Miri kuwa bai taɓa ganinta ba sai a littafi.

Mafi muhimmanci, a ba mata na'urar a hannunsu. Akwai abin da ke faruwa a tsakar gida wanda namiji ba zai taɓa gani ba, ko ya gani ba zai gane ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ɗinta ƙauye-ƙauye suna karantar da mata 'yan'uwansu a cikin gidajensu. Babu abin da zai hana makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyin mata su zama wuraren da za a haska irin waɗannan ayyuka, mata su kalla su kaɗai, su tattauna ba tare da jin nauyin kowa ba.

In kuma an yi, a adana. Marigayi Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa ke nan cikin Bauci, ya rubuta Shaihu Umar a kan zamanin harin bayi da uwar da ta bi sawun ɗanta har ƙetaren Sahara. Adamu Halilu ya mayar da littafin fim a 1976. Fim ɗin ya kwanta a ma'ajiya shekara da shekaru har aka ɗauka ya ɓata, sai da aka gyara shi aka nuna a Barlin ta ƙasar Jamus a 2018. Zanen da mutanen Geji suka yi a dutse yana nan har yau, mu kuwa da muke da na'urori mun kusa rasa hoton da bai kai shekara hamsin ba. Yara masu tasowa suna da hakkin su ga yadda giwar Yankari take tafiya, su kuma san cewa a zamaninmu an sami waɗanda suka ga halin da 'yan'uwansu mata ke ciki ba su kau da kai ba.

Allah Ya kare mana 'ya'yanmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar mutane da ta daji. Mai shawara ko gyara a kan wannan batu ya rubuto, fili na kowa ne. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.